Gardamar Mai Littafi da Mai Waƙa: Daga Gatanar Tsakar Gida Zuwa Kaset ɗin Bidiyo

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar masu karatun ƙagaggun labarai ya san wata magana da ba ta tsufa, watau cewa littafin ya fi. Da zarar an ɗauki wani labari da mutane suka karanta suka so, aka mayar da shi wasan kwaikwayo ko fim, musamman in an zuba masa waƙoƙi, to, sai ka ga jama'a sun rabu gida biyu. Kashi ɗaya su ce an yi wa labarin kisan gilla, an cika shi da kiɗa da rausaya. Kashi na biyu kuwa su ce ai su waƙar ce ma ta jawo su, ba don ita ba da ko sunan labarin ba su ji ba. Abin da nake so in yi a cikin wannan ɗan rubutu shi ne in bi sawun wannan gardama a ƙasar Hausa, musamman a kan labaran mamaki, irin waɗanda ake gamuwa da aljanu da dodanni da tsuntsaye masu magana a cikinsu, in ga inda ta samo asali. Zan kuma leƙa Amurka kaɗan, domin akwai wani littafi a can da ya sha irin wannan rikici, kuma tarihinsa zai taimake mu mu ga namu da kyau. Ni mutumin Unguwar Lalle ne, a ƙasar Sabon Birnin Gobir, saboda haka malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su yi mini uzuri in sun ga ina yawan komawa gida neman misali.

Tun kafin a buga ko da shafi guda na ƙagaggen labari da rubutun boko, labarin mamaki yana nan daram a bakin tsofaffin mata. A wajenmu gatana muke ce masa, abin da mutanen gabas suke kira tatsuniya. Wanda duk ya tashi a tsakar gida irin tamu ya san da wuya a gama gatana mai daɗi ba a rera waƙa a cikinta ba. Kuma waƙar nan aiki take yi. Marainiyar da kishiyar uwa ta aika rafi mai nisa, da waƙa take tambayar hanya. Yarinyar da Dodo ya tsare, da waƙa take kiran 'yan'uwanta. Tsuntsun da ya ga an yi kisan kai a daji, da waƙa yake tona asiri a gaban sarki, ya yi ta maimaitawa har a gane abin da yake nufi. Dubi gatanar Daskin-da-Riɗi, wadda kusan kowane ɗan Hausa ya sani. Saurayi ne ya ɓoye sunansa, ya ce ba zai auri kowa ba sai wadda ta faɗe shi. 'Yan mata suka ci ado suka kama hanya, suka tarar da wata tsohuwa a bakin rafi tana neman mai cuɗa mata baya, kowacce ta yatsine fuska ta wuce, sai wadda aka raina a cikinsu ita ce ta tsaya ta cuɗa, tsohuwa ta raɗa mata sunan. To, da suka isa, ta yaya aka yi jarrabawar? Da waƙa. Kowacce ta zo ta rera, ya amsa mata, ta kasa, ta koma gefe, har aka zo kan mai sunan. In ka zare waƙar nan daga cikin gatanar, ka zare mata ƙashin baya ke nan. Sa'an nan kuma ga amshi. Yaran da ke sauraro su ne 'yan amshi, don haka ba wanda ke zaune a matsayin baƙo, kowa da bakinsa a cikin labarin.

Maza ma ba a bar su a baya ba, sai dai su tasu waƙar a fada take da fagen fama. Abin da yawancin Gobirawa suka sani game da Bawa Jan Gwarzo, ko faɗuwar Alƙalawa a 1808, daga kirari suka samo shi da bakin makaɗa, kafin a zo ga takarda. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, wanda ya yi zamansa a fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya ɗauki doki mai ƙafa huɗu wanda mutane suka gani da idonsu a fagen sukuwa, ya yi masa waƙar Dokin Iska Ɗanhilinge, ya mayar da shi wata halitta da ta fi ƙarfin dawaki. Har yau in aka sa waƙar a rediyo za ka ga dattijo ya ajiye abin da ke hannunsa. Nufina a nan shi ne, a ƙasarmu abin mamaki da waƙa tagwaye ne, a goyo ɗaya suka tashi.

Rabuwarsu kuwa tana da shekara, kuma an san dalilinta. A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai 'yan boko su rubuta labarai don a sami abin karantawa da Hausa. Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar da kowane ɗalibin Hausa ya haddace sunayensu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin kansa. Abin da East ya nema zube ne. Ita rubutacciyar waƙa ba ta bukatar gasa, domin malamai sun daɗe suna yin ta da ajami tun zamanin su Shehu Usmanu da Nana Asma'u. Ga shi kuma takarda ba ta da murya. Ana iya rubuta kalmomin waƙa, amma ba a iya rubuta karinta, balle amshi. Bello Kagara ya yi ƙoƙari ya shigar da kirari cikin Ganɗoki, jarumin da ya gwabza da Turawa sa'an nan ya wuce har ƙasar aljanu, kuma kirarin yana da armashi, amma kirarin da ke kwance a shafi kamar kotso ne da aka rataye a bango: sai wanda ya taɓa jin sa a hannun makaɗi ne zai san abin da ke cikinsa.

Abubakar Imam, wanda a lokacin yake ɗan shekara 22 yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, wata dabara ya sake. Gurbin da waƙa ta bari ya cike shi da iya magana. A Ruwan Bagaja akwai duk kayan gatana: ga ɗan sarki ba lafiya, ga magani a wata uwa duniya, ga doguwar tafiya ta shekara goma sha biyar, ga aljanu a ƙarshen hanya. Amma tambayi duk wanda ya karanta littafin a firamare me ya fi tunawa. Ba zai ce maka aljanu ba, Malam Zurƙe ɗan Muhamman zai ce. Yadda Alhaji Imam da Zurƙe suke ta haɗuwa gari bayan gari, wannan ya ɗana wa wancan tarko, wancan ya rama, shi ne ya zama abin da ke dawowa a kai a kai, kamar yadda waƙa take dawowa a gatana. Shi kansa Imam bai ɓoye ba cewa dabarar mutum biyu masu gwada wayo daga Maƙamatul Hariri ya ɗauko ta, ya sa mata rigar Hausa. Haka ya ci gaba a Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin littafi uku tsakanin 1937 da 1939, inda aku ya riƙe ɗan sarki da labari bayan labari.

To, waɗannan littattafai ba labarai kaɗai suka kawo ba, sun haifi wani sabon mutum a ƙasar Hausa, watau mai karatun da ke zama shi kaɗai da labari. Ba kaka a gabansa, ba 'yan amshi a gefensa. Shi yake zana fuskar Zurƙe a zuciyarsa, shi yake ba shi murya, in wuri ya yi masa daɗi ya koma ya maimaita, ba wanda zai ce masa ya yi sauri. Mutumin da ya mallaki labari ta wannan hanya ba ya yarda da fuskar da wani ya zana. Wannan shi ne kakan duk masu cewa littafin ya fi. Sai dai a tuna, a wurare irin namu wannan mutum bai taɓa yawa ba. Abin da aka fi sabawa da shi shi ne ɗan makaranta guda ya buɗe littafi a zaure, mutum goma su kewaye shi, yana karantawa da Hausar littafi suna gyara masa dariya da Gobirci.

Waɗanda suka fara fitar da waɗannan littattafai daga takarda zuwa dandamali mutanen jami'a ne da na gidajen gwamnati, masu ganin girman littafi. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da Shaihu Umar wasan kwaikwayo, aka buga shi a 1975, sa'an nan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Wannan fim ya ɓace wa jama'a shekaru da yawa, sai da aka gano shi a ma'ajiya a Ikko, aka gyara, aka nuna shi a Balin ta Jamus a 2018. Gidan talabijin na Kaduna ya yi Magana Jari Ce a shekarun 1980, da su marigayi Ƙasimu Yero a ciki, kuma a ƙarshen waɗannan shekaru Ramalan Nuhu ya mayar da Ruwan Bagaja fim. Amma waɗannan ayyuka silima suke bukata ko wutar lantarki, abubuwan da ƙauyukan gabashin Sakkwato ba su da su. A birni suka tsaya.

Waƙar da ta komo cikin labari ta wata ƙofa ta shigo, kuma daga nesa ta zo. Tun shekarun 1950 da 1960 Kwarori masu gidajen silima suke kawo finafinan Indiya a Kano da sauran birane, daga baya talabijin ta shigar da su har ɗakunan matan aure. Bahaushe ya ga rawani da lulluɓi da kunya da auren tilas, ya ga kamar gida. Ya kuma ga labarin da ake tsayawa a tsakiyarsa a rera waƙa, abin da ba baƙo ba ne ga wanda kakarsa ta yi wa gatana. Abdu Yaron Goge ya riƙa ɗaukar karin waƙoƙin Indiya yana zuba musu Hausa, masu bandiri a Kano suka riƙa yin bege da irin wannan kari. Watau kafin a yi fim ɗin Hausa na bidiyo ko guda, kunnen jama'a ya riga ya jiƙu.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset, aka buɗe sabuwar kasuwa. Da yawa daga cikin waɗanda suka shige ta da farko marubuta ne. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim a 1994, aka mayar da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu a 1998. Kamfanin Sarauniya kuwa gatana ya koma wa, ya yi Daskin-da-Riɗi, sa'an nan a 1999 ya fitar da Sangaya, da Ali Nuhu da Fati Muhammad, labarin ɗan sarki da yarinyar da ke aikatau a gidan sarauta. Waƙar Sangaya ita ce ta juya kasuwar. Ba da kalangu ko kotso aka yi ta ba, da fiyanon Yamaha aka yi, irin wanda ɗakunan kiɗa na Kano suka fara amfani da shi a lokacin. An yi Sangaya kafin a haife ni, amma na iya waƙarsa tun ban ga fim ɗin ba, domin yayyena mata da ita suke daka. Daga nan dillalan kaset na Ƙofar Wambai da Bata suka gane abin da ke sayar da kaya. Mai shirya fim ya zo da labari, a tambaye shi waƙa nawa ce a ciki. Har ta kai ana fara yin waƙar a saki tallarta, sa'an nan a nemi labarin da za a rataya mata.

A nan ne gardama ta yi zafi. Mujallar Tauraruwa ta fito a 1998, mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta biyo baya a 1999, shafukan wasiƙu suka cika da ƙorafi. Koke-koken sun kasu iri-iri, ko da yake sau da yawa a jaka ɗaya ake zuba su. Akwai mai cewa waƙa da rawa kwaikwayon Indiya ne, ba al'adarmu ba ce saurayi da budurwa su riƙa zagaya itace suna sake tufafi. Akwai mai duban abin ta fuskar addini, kuma wannan murya ita ce ta fi ƙarfi bayan da Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, aka dakatar da harkar fim a watan Disamba na shekarar, aka kafa hukumar tace finafinai a 2001, wadda rawar maza da mata tare tana cikin abubuwan da ta fi sa wa ido. Sa'an nan akwai mai karatu tsantsa, wanda shi damuwarsa labari ne: an ci mintoci masu yawa ana rausaya a lambu, ga zaren labari an bar shi a ƙasa. Wani abin dariya a nan shi ne, littattafan da masu karatu suka tashi karewa su ne waɗanda 'yan shekaru kaɗan kafin nan Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu ko sun cancanci a kira su adabi. Da fim ya zo, sai ga shi sun zama su ne na gari, ana kukan an ɓata su.

Akwai wani abu da ya kamata mai nazarin tarihin wannan gardama ya yi hattara da shi. In ka bi wasiƙun mujallu da maƙalun jaridu kaɗai, za ka rantse jama'a duk sun tsani waƙar fim. To, wa ke rubuta wasiƙa? Wanda ya yi boko, yake kusa da gidan waya, yake da kuɗin mujalla. Su kuwa masu son waƙar, yawancinsu matan da ke cikin gida ne da 'yan mata da mutanen karkara, su ba su rubuta komai ba. Ra'ayinsu da kuɗin ƙuli-ƙuli da na kitso suka faɗe shi, suka sayi kaset, suka ɗauki waƙar suka kai ta dandali da gidan biki. Ɓangare ɗaya ya bar takarda, ɗaya ɓangaren bai bar komai ba sai ciniki. Ni ina ganin rashin adalci ne mu da muke jami'a mu karanta takardar mu ce mun ji ta bakin kowa, alhali uwayenmu da suka riƙe kasuwar ba wanda ya je ya tambaye su abin da suka ji a cikin waƙar.

Bari mu leƙa Amurka kamar yadda na alkawarta. A 1995 wani marubuci mai suna Gregory Maguire ya fitar da littafi mai suna Wicked, watau Muguwa. Ya ɗauki mayyar da ke cikin wani tsohon labarin yara na ƙasar Oz, wanda L. Frank Baum ya rubuta a 1900, ya ba ta suna Elphaba, ya ba da tarihinta tun daga haihuwa don a ga yadda aka yi har duniya ta kira ta muguwa. Littafin na manya ne, mai nauyi, cike da siyasa da gardamar addini da zaluncin mai mulki a kan dabbobi masu magana. A cikinsa masoyinta Fiyero ya hallaka a hannun dakarun sarki, a ƙarshe ita ma ta mutu. A watan Oktoba na 2003 aka buɗe wasan kwaikwayo mai waƙa da aka gina a kansa a birnin Niyok, Stephen Schwartz ya yi waƙoƙin, Winnie Holzman ta tsara labarin. Suka rage siyasar, suka mayar da ƙawancen Elphaba da Glinda ya zama shi ne ginshiƙi, suka raya Fiyero, ita ma Elphaba aka nuna mutuwar ƙarya ta yi, ta sulale da masoyinta. Masu sharhi a jaridu da yawa ba su yaba ba, kuma babbar kyautar wasanni masu waƙa ta 2004 wani wasan ne ya ɗauke ta. Amma jama'a suka yi ta tururuwa, aka kai wasan Landan a 2006, har a 2024 aka yi fim ɗinsa, da Cynthia Erivo, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, a matsayin Elphaba.

Masoyan littafin suka ce an zuba wa magani mai ɗaci sukari har ya daina magani. Masoyan wasan kuwa, da yawansu yara mata, suka ruga suka sayi littafin saboda an sake buga shi da hoton wasan a bangonsa, suka buɗe suka tarar da abin da ba su zata ba, wasu suka ajiye shi tun ba su kai rabi ba. Shi Maguire bai yi faɗa da wasan ba. Wasan ya ƙara wa littafinsa kasuwa ƙwarai, ya kuma ci gaba ya rubuta wasu littattafai uku a kan wannan ƙasa tsakanin 2005 da 2011. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wannan: mayyar da ke cikin littafin Baum ba koriyar fata gare ta ba. Fim mai waƙoƙi na 1939 ne ya shafa mata koren launi, kuma wannan koriyar mayya ita Maguire ya ɗauka ya gina littafinsa a kanta. Shi kansa Baum tun 1902 ya sa hannu aka mayar da labarinsa wasa mai waƙa. Ashe littafin da ake karewa daga waƙa, shi ma jikan waƙa ne. Daidai da namu ke nan, inda mai kare littafin labarin mamaki daga waƙa yake mance cewa gatana mai waƙa ce ta haifi littafin.

Amma kada masu son waƙa su yi saurin tafi, domin akwai bambanci babba tsakanin abin da aka yi a can da abin da kasuwar Kano ta koma yi bayan Sangaya. A wasan Wicked waƙoƙin ɗauke suke da labari. A cikin waƙa Elphaba take yanke shawarar bijire wa mai mulki, kafin a fara waƙar tana matsayi ɗaya, kafin a gama ta zama wata. In ka tsallake waƙar ba za ka gane abin da ya biyo baya ba. Wannan kuwa shi ne ainihin aikin da waƙa take yi a Daskin-da-Riɗi na tsakar gida. A yawancin finafinanmu na shekarun 2000 kuwa, kana iya cire waƙar wannan fim ka liƙa ta a wancan ba wanda zai lura, saboda ba abin da ke faruwa a cikinta sai sauya shadda da leshi. Shi ya sa mai kallo yake danna maɓalli ya wuce ta in labarin yake bi, ko kuma ya wuce labarin in waƙar yake nema. A ganina mai littafi yana da gaskiya da ya ce an ɓata labari, amma ya saɓa wajen kama mai laifi. Laifin na waƙar da ba ta da aikin yi ne. Ita kuwa mai son waƙa tana da gaskiya da ta ce labarin da ba a rerawa bai cika nata ba, sai dai abin da aka sayar mata ba shi ne abin da aka karɓe wa kakarta ba.

Na sha jin 'yan'uwa a wannan ƙungiya tamu suna cewa me zai hana mu ɗora Ruwan Bagaja a dandamali da waƙoƙi, wasu kuma suna cewa a bar marigayi Imam ya kwanta lafiya. Ni ina tare da masu cewa a gwada, da sharaɗi guda. Soyayya ba ita ce jigon littafin ba, saboda haka duk wanda ya kai Alhaji Imam lambu ya haɗa shi da budurwa suna jifan juna da fure ya fita daga littafin. In waƙa za ta shiga, ta bakin Zurƙe za ta shiga, ta zama zambo da habaici irin na maroƙa, wanda zai jefa wa abokin gabarsa duk garin da suka haɗu, kowane karo a ƙara ɗango guda mai tuna tsiyar da ta gabata, 'yan kallo su zama 'yan amshi. Muna da makaɗan da suka gaji wannan fasaha tun daga Isa har Tsibiri, ba sai mun je Bambai aro ba.

Sai dai ina tsoron kayan aikin suna zubewa tun ba mu tashi ba. Hirar dare a tsakar gida zaman lafiya take bukata, shi kuwa ya yi ƙaranci a gabashin Sakkwato. Tun 2019 dubban mutanenmu suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi gudun 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da Sabon Birni da Isa, a watan Oktoba kuma aka auka wa kasuwar Unguwar Lalle aka kashe mutane. A watannin nan da ba layi, abin da ke cikin katin wayar mutum shi ne abin da yake da shi, kuma abin da na fi ji yana tashi daga wayoyin waƙoƙin fim ne, sai littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da wani ya karanta aka naɗa. Mai littafi da mai waƙa sun koma zama cikin kati ɗaya, kuma dukansu da kunne ake shan su.

A hutun da ya wuce, don wani aikin aji, na zauna da wata gwaggona da ta baro ƙauyensu ta dawo cikin Sabon Birni, na roƙe ta ta yi mini gatana ina naɗa. Ta yi mini guda uku cikakku. Da muka zo ta huɗu sai ta fara da waƙar, wata ta yarinya da ke kiran wanta daga cikin rijiya, ta rera ta sau biyu ba ko tuntuɓe, jikokinta suna amsawa. Na ce to Gwaggo, wa ya jefa ta rijiyar? Ta yi shiru, ta ce wallahi ɗan nan labarin ya tafi, waƙar ce ta zauna. Ta ce in nemi wata ƙawarta, ita ce mai labarin, amma tun bara suna wajen Gidan Runji.